Ranar da Kalla Ya Ci Famfo da Yaƙi

Duk wanda ya ce Tamaske ba ta haifi babban mutum ba, bai ga Kalla ba. Kalla ya yi shekaru yana planto a ofishin kumandan, Nasaran da ke mulki a Madawa, shi ke tsaye a ƙofa yana cewa a shiga ko a dakata. Da aka samu mulkin kai, Nasara ya naɗe kayansa, Kalla ma ya naɗe nasa ya komo gida. A cewarsa su biyu suka riƙe ƙasa, ba zai yi kyau ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna ba. Ya zo da hular kwano, da takalma masu ƙara, da wani famfon tagulla da aka cire daga ɗakin girkin kumandan aka yar a juji. Kalla ya ce kyautar ban kwana ce, mu kuwa ba mu da dalilin ƙaryata mai irin waɗannan takalma.

Famfo yana son ruwa mai gudu, Tamaske kuwa rijiya gare ta. Wannan ƙaramar matsala ce ga babban kai. Kalla ya sa aka yi gini mai tsawo da duwatsu a bayan madafa, aka ɗora tano irin na man mota, aka ja tiyo ta cikin bango, aka maƙala famfon. Ranar buɗewa ya tara mutane ya yi jawabi.

"Jama'a, daga yau na 'yanta mace daga wahalar ruwa. Madam za ta murɗa robine kawai, kamar matan manya a Yamai."

Madam ita ce Saude, matarsa, robine kuwa famfon ne. Kuma gaskiya ya faɗa, tana murɗawa ruwa na zuwa. Abin da jawabin bai samu sararin ambatawa ba shi ne yadda ruwan ke hawa tano. Saude ke zuwa rijiya kamar kullum ta ɗauko tulu, ta hau tsani da shi a ka, ta juye, ta sauko, ta zagayo madafa ta murɗa, ruwanta ya dawo mata. Sauran matan gari, da ba su yi sa'ar miji ba, rijiya kaɗai suke zuwa.

Ba a daɗe ba famfon ya koma halin da ya sa aka yar da shi. Ɗis, ɗis. Tanon da aka cika da hantsi, kafin la'asar ya yi rabi, hawan tsani ya ninku. A lokacin cikin Saude ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, tsanin kuma sanduna ne da aka ɗaure da igiya. Wata rana ƙafarta ta zame, tulu ya faɗo ya fashe, ita ta rungume sanda har aka sauko da ita. Da ta roƙi Kalla ya bari ta riƙa zuba ruwa a randa kamar kowa, ya nuna mata cikin haƙuri cewa idan labari ya kai Madawa gidan Kalla ya koma randa, mutuncin Tamaske duka ya zube. Tulu kuwa ya yafe mata.

Game da ɗigon, Kalla ya yi nazari mai zurfi daga bakin ƙofa, hannu a baya, don mutum mai daraja ba ya shiga madafa. Ya gano cewa ɗigo alamar lafiya ce, na kumandan ma haka yake yi. Maƙerin gari ya ce a bari ya duba, Kalla ya ce hannun da ke ƙera hauya ba zai taɓa tagullar Faransa ba. Mutane suka sa masa Kumandan Ɗigo. Ya karɓi rabin farko na sunan da godiya, rabin ƙarshe bai taɓa jin sa ba.

Sai Tabawa ta zo. Tabawa ungozoma ce, kuma 'yar kawun Kalla, wato taubashiyarsa, mutum ɗaya tak a duniya da al'ada ta ba izinin faɗa masa abin da ta ga dama ba ya da ikon yin fushi. Ta duba Saude, ta duba tsani. Ta jira ranar kasuwa, ta same shi a gindin bishiya tsakiyar maza yana bayanin yadda ake mulki.

"Kalla bawana, an ce mini robinenka na fitsarin kwance."

Maza suka sunkuyar da kai suna gyaran riga.

"Ni na ce musu su ƙyale ka," in ji ta. "Abin Nasara sai hannun Nasara. Shi da yatsa biyu yake kame nashi. Kai ƙofa kat tsare, ina ka san abin da ke ciki?"

Kalla ya yi dariya, irin wadda ake yi da haƙora kaɗai. Kafin a watse kasuwa ya aro babban kile wajen direban kamiyo, wato babbar motar kaya, irin wanda ake kwance ƙafar mota da shi, ya nufi gida, rabin kasuwa na biye.

Tarihi zai tuna cewa ranar Kalla ya shiga madafa. Hular ta bugi saman ƙofa, kunkunniya ta zubo masa a kafaɗa, bai kula ba. Ya kama hannun famfon da kile ya murɗa. Ɗigon ya ragu. Tabawa daga bakin ƙofa ta ce ita dai har yanzu tana jin sa. Ya ƙara. Ta ce kada ya takura wa kansa, tsufa ne, kowa zai gane. Kalla ya tokare bango da takalmi mai ƙara, ya ja da ƙarfin da bai taɓa kashewa a gona ba. Tagulla ta yi kuka, Kalla ya zauna daɓas cikin toka, hannun famfon na bakin kile, sauran ya cije can ciki.

Aka yi shiru ana saurare. Babu ɗis. Babu kuma abin murɗawa.

Kafin Kalla ya gama duban abin da ke hannunsa, Tabawa ta rangaɗa guɗa, matan unguwa suka amsa. Mutum ne mai saurin yanke shawara: ga guntun tagulla a hannu, ga guɗa a kunne, ya zaɓi guɗa. Ya miƙe ya kaɗe toka, ya jefa guntun a aljihu.

"An gama. Haka muke yi a Madawa. Robine in ya samu horo, ba ya buƙatar hannu."

Wani dattijo ya tambaya yadda za a buɗe in ana son ruwa. Kalla ya ce wannan mataki na biyu ne, yana buƙatar nazari, kafin nan ya ba Madam izinin randa na wucin gadi.

Saude ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Icen wankan jego a kan miji yake, amma Kalla yana fama da baƙi masu zuwa ganin aiki, saboda haka Tabawa ta taimaka masa: ta sa gatari ta faskare tsanin. Ya ci wuta da kyau, ruwa ya tafasa, maijego ta yi wanka. Ranar suna Kalla ya jagoranci manyan baƙi zuwa bakin madafa, ya ce su kasa kunne, su faɗa masa in akwai famfo a duk Jamhuriya da ya kai wannan kamewa. Suka kasa kunne, suka tabbatar babu. Sannan aka kawo musu ruwa a ƙwarya suka wanke hannu.