Wutsiyar da Na Gani a Mirriya

Kafin ƙanwata Hadiza ta dawo daga karatun likita a Yamai, ni ne Likita a gidanmu na Birni, don kawai ina wanke kwalabe a labo, ɗakin awon wata disfansa a Mirriya. Ranar da ta iso, Inna, wadda yatsunta suka kumbura har jan carbi yake gagararta, ta shimfiɗa mata tabarmar da aka saba shimfiɗa mini. Abin ya tsaya mini a rai.

Hadiza ta kama hannunta ta ce, "Inna, sojojin jikinki ne suka juya suna yaƙar gaɓoɓinki. A cikinsu akwai wasu 'yan zaruruwa, mikro-ARN, su ne linzaminsu. In linzamin ya saki, sai su yi ta ɓarna."

Kawu Bukar ya ce, "Madalla, Dokta." Ni bai taɓa ce mini madalla ba.

Na gyara murya. "Ai na san su. Kullum ina ganinsu a madubin duba ƙwayoyin cuta na labo, farare, har da wutsiya. Ƙwayar maganin tsutsa biyu ta gama da su."

Hadiza ta sunkuyar da kai. "Yaya, madubinku ba ya nuna su. A cikin me ka gan su?"

Da na yi shiru da na tsira, amma na ce, "A bayan gidan da ake kawowa awo."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Yanzu duk ranar da ciwon ya motsa, sai ta ce a kira mata Dokta, a kuma tambayi Yaya ko masu wutsiya sun kwana lafiya.