Ranar da Aka Auna Damuwar Jatau da Lasifika

Ranar da aka ce za a zo Bungudu a auna mana ciwon damuwa kyauta, sai da na yi awa uku a layin mai kafin na samu lita biyu na zuba wa babur. Da a layin nan aka kawo awon, da takardun sun cika tun hantsi. Amma ba don kaina na je ba, maƙwabcina Jatau na ɗauko daga Nahuce.

Tun da aka kore masa shanun huɗa Jatau ya zama wani mutum daban. Mutumin da in ya fara gardamar farashin taki sai kiran salla ke raba ku, ya koma wuni a zaure yana kallon bango. Matarsa Shafa'atu ta ce wata biyu ke nan tuwo na komawa yadda ta kai shi, barci kuwa sai dai ya rufe ido don ta daina tambaya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, mu abokai kuma mun ɗura masa maganin da muka fi iyawa, wato "ka yi haƙuri". Hankalina bai tashi ba sai da ta ce ya fara raba wa ƙannensa garma da fartanya, yana cewa ya gaji, da ma ya huta.

Muka tarar da rumfa uku da makaɗa. Mai Girma Garkuwan Masu Ƙunci, wanda ya shirya taron, ya iso bayan azahar, ya sanar cewa daga yau damuwa ta zama tarihi. Allah ya ƙara masa basira, domin shi kam ba ka ganin alamarta ko a wuyansa.

Don kada a ɓata wa Mai Girma lokaci, aka ba wani jami'i lasifika, yana kiran suna yana tambaya a gaban jama'a. Aka kira Jatau. Ga surukinsa a layi na biyu, ga mai unguwa a gefe.

"Malam Jatau, kana fama da baƙin ciki?"

"Alhamdu lillahi."

"Barci fa?"

"Sai godiya."

Jami'i ya yi maki ya wuce. Jama'a, wane magidanci ne a ƙasar nan zai tsaya gaban surukinsa ya ce yana kuka a zaure? Mu da ko a gadon asibiti aka tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi. Mutum ɗari biyu aka tambaya, duka suka gode wa Allah, aka shelanta cewa ba a samu ko mutum ɗaya mai ciwon ba. Aka tafa. Motoci suka nufi Tsafe don a warkar da mutanen can su ma kafin magariba.

A hanyar gida Jatau ya yi magana a bayana. "Ka jiya, Malam Abdu, sun ce lahiyata lau. Ashe ba ciwo ba na, lalacewa niy yi."

Wallahi na ji tsoro. Na sa ƙanensa kada ya bar shi shi kaɗai, washegari muka nufi asibiti a Gusau. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Naomi ta kore ni waje ta rufe ƙofa. Daga baya Jatau ya faɗa mini ba ta ce masa yaya jiki ba. Ta tambaye shi rabonsa da cinye kwanon tuwo, da ko ya taɓa tunanin halaka kansa, bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ta haɗa shi da likita, aka ba shi magani da ranar dawowa.

Da muka fito ta ce mini, "Baba, in mutum ya wuce mako biyu ba ci, ba barci, ba abin da ke ba shi sha'awa, a kawo shi. In ya fara zancen mutuwa kuwa, ranar ake kawo shi."

Mako shida ke nan muna zirga-zirga. Bai gama warwarewa ba, amma shekaranjiya akuyata ta shiga masa wake, ya biyo ni har ƙofar gida ya wanke ni tas, har da kakannin akuyar. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba. Ina dai roƙonku ku rufa mana asiri, kada masu girma su ji labari su zo da almakashin yanka ƙyalle su ƙaddamar da shi a matsayin aikinsu.