Rasuwar Kalkuletar Kwamitin Dambe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Ilu, ma'ajin kwamitin damben kaka na unguwarmu a Gumel, nake sanar da rasuwar kalkuletata, wadda ta cika ranar Asabar a bakin aiki.

Na saye ta a kasuwar Maigatari shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fito mini. Marigayiya ba ta da surutu, irina ce. Ƙit, ƙit, ƙit, sai amsa. Ita ta san kuɗin zanar kewaye fili, da motar 'yan dambe daga Gagarawa Tasha, da rabon makaɗa, da ragon zakara, har da hasafin mai ɗori. In baƙi sun ƙetaro da sefa, ta mayar da ita naira ba gardama. Abincinta hasken rana. Ba ta taɓa neman caji ba, ba kamar wasu ba.

Jinyarta ta fara bara, lamba bakwai ta riƙa maƙalewa sai an danna da farce. Ba wannan ya kashe ta ba.

Bana kwamiti ya kawo Jamaluddeen, ɗan shugaba, wai ya taimaka mini da wayarsa. Aka shimfiɗa wa wayar hankici a kan tebur. Makaɗi Cindo, wanda duk shekarun nan marigayiya ke fitar masa da rabonsa cif, bai taɓa ambatonta ba ko da kuskure, sai ga shi ya juya kalangu yana yi wa waya kirari. Har liƙi aka yi mata. Waya fa!

Da teburin ya fara gurgunta, wani mai hikima ya ɗauki marigayiya ya tokare ƙafarsa da ita. A turmi na biyu aka kai wa ɗan dambe Dogo na Ɗanzomo naushi, ya taho da baya ya faɗa kan teburin. Jama'a suka yi caa kan waya, ana hure mata ƙura, ana tambayar lafiyarta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, ina taya ta murna. Ni kaɗai na ji ƙas ɗin ƙarshe daga ƙasa.

Ta bar murfinta, da robar da nake ɗaure ta, da tsoho ɗaya da bai san ko kujerarsa tana nan ba.

Za a binne ta ranar Laraba bayan la'asar, gindin darbejiyar bayan fili, daidai lokacin da kwamiti zai zauna zaɓen ma'aji. Ina can da fartanyata, zan ga wanda zai zo. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya.