Rumfata ta Bakin Tashar Jirgi

Shekarar da sojoji masu mulki sunka ce jirgin ƙasa zai wuce Parakou har ya ƙetara kogi zuwa Gaya, na ga ma'aikata suna kafa turaku bayan Malanville. Ni mai wayo, na musanya gonarmu ta shinkafa da tsandaurin da ke gefen turakun.

Yayana ya ce, "Ƙanena, ka ga ƙarfen titin jirgi ko ɗaya?"

Na ce, "Yaya, yi ta noma, ni fasinja zan ciyar."

Har rumfa na kafa, da benci shida. Makiyaya sunka tuge turakun sunka ɗaure awaki.

Yau wurin wanda na ba gonar nike awon shinkafa. In ya cika mini kwano sai ya ce, "Sarkin Tasha, yau ma jirgin ya makara?"