Yadda Za Ka Dawo Da Kyanwa Gida Bayan Ka Rantse Ba Za Ka Ƙara Ba

Kai da kyanwarka ta mutu, ka yi rantsuwa a gaban mutane, yanzu kuma shirun gida ya dame ka, matso kusa. Ban yi makaranta mai zurfi ba, amma dabarar nan ba ta taɓa faɗuwa ba. A kan maƙwabcina Hajji Ragab aka gwada ta, mai gyaran koma a bakin tekun Iskandariya. Kyanwoyinsa biyu, Simsim da Zaituna, sun mutu cikin wata guda bayan shekara goma sha shida tare.

Mataki na ɗaya: Tuno lafazin rantsuwarka

Magana zarar bunu ce, amma kowane bunu da tsawonsa. Abin da Ragab ya faɗa a gidan shayi, yana share ido da hannun riga, shi ne wallahi hannunsa ba zai sake shigar da kyanwa gidansa ba. Hannunsa, ka ji. Bai ce uffan a kan ƙafar kyanwa ba. Riƙe wannan da kyau.

Mataki na biyu: Ɗora wa ɓera laifi

Kada ka ce kewa. Dattijo ba ya kewa. Ragab ya gaya wa matarsa Ummu Tarik cewa ɓeraye sun addabi gidan. Ta ce ita ba ta ga ko kashinsu ba, abin da take gani kullum shi ne wani tsoho da ke cire kan kifi ya ajiye a kwanon Zaituna, sannan ya tsaya yana kallon kwanon. In taka matar ta faɗi haka, yi tari ka fita.

Mataki na uku: Je gidan marayun kyanwoyi, kallo kawai

Ɗaure fuska. Ka kushe kowacce. Ragab ya shaida wa likitar wurin, Dakta Merfat, cewa wucewa yake yi, bayan ya hau mota biyu kafin ya iso. Wata 'yar baƙa mai ido ɗaya ta kama bakin rigarsa ta haye har kafaɗa.

"Hajji, wannan ba ta rabuwa da ɗan'uwanta," in ji likita.

"To wa ya ce ki raba zumunci? Zuba su a kwando. Ke da hannunki."

Mataki na huɗu: Ajiye kwandon a bakin ƙofa

A waje, ba a ciki ba. Buɗe ƙofa, buɗe kwando, sa kifin sardin a tsakiyar ɗaki, ka mayar da hannuwa baya kamar mai gadin banki. Wadda ta shiga da ƙafarta baƙuwa ce, kuma ba a korar baƙo. Namijin ya shige kamar gidan ubansa. Ragab ya dubi matarsa ya ce ta zama shaida.

Mataki na biyar: Ko me ya faru, kada ka taɓa

Nan ake gane maza. Mai ido ɗaya ba ta ga kifin ba, ta juya ta gangara matakala, ta nufi titi inda motocin kifi ke wucewa a guje. Ragab, da gwiwarsa da sai a kan kujera yake salla, ya tsallake matakala uku uku. Ya cafe ta a bakin kwalta, ya cusa ta a ƙirji, bai tsaya ba sai tsakar ɗakinsa. Can ya dubi hannunsa. Rabin layin na leƙowa ta taga.

Mataki na shida: Kaffara

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce wa matar, murya ƙasa ƙasa, sai a ciyar da mabukata goma. Ta ɗaga murfin babbar tukunya, turirin shinkafa da kifi ya tashi.

"Tun da ka fita da safe na ɗora, Abu Tarik. Je ka kira su."

Gargaɗi: Na ce dabarar ba ta faɗuwa, ban ce kai ba za ka faɗi ba. In labule ya yage ko rantsuwa ta karye, babu ruwana, kada wanda ya kai ni gaban liman. Amma in tukunya ta nuna kuka ga mutum tara ne, gidana ne mai koriyar ƙofa.