Goron da Na Kai Kajiji Don Kujerar da Babu Albashi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zama shugaba ba, kuma wallahi ba don ban gwada mantawar ba. Har yau in na bi ta gaban makarantar firamaren nan ta Bodinga inda abin ya faru, sai in ga ƙafata ta ƙara sauri da kanta.

Mu wasu matasa ne, ba mu kai mutum ashirin ba, daga Bodinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye, muka haɗu muna gina wata manhaja ta waya da mutum zai riƙa rubuta Hausa da ita, da boko da ajami. Aikin sa kai ne, babu mai biyan kowa. Manhajar kyauta ce, kuma a buɗe take: duk wanda ya ga dama yana iya kwafar ta, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa jama'a, ba sai ya nemi izinin kowa ba. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.) Malaman makarantun allo suka fi kowa murna da ita, don sun samu damar aika saƙo da rubutun da hannunsu ya saba.

Ni da Nasiru muka fara abin. Abokina ne tun sakandare, ɗan Kajiji, yana koyarwa a garin Shagari. Shi ya fi ni hannu a aikin, ni na fi shi baki. Da jama'a suka ƙaru sai rigima ta ƙaru: wannan ya goge aikin wancan, wancan ya yaɓa masa baƙar magana a zauren hirarmu na waya. Aka ce a rubuta ƙa'idojin zama tare, a kuma riƙa zaɓen shugaba duk shekara. Wa ya rubuta ƙa'idojin? Ni. Ni na rubuta cewa kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi, kada a matsa wa kowa ta kowace hanya. Har tafa min aka yi.

Aka tsayar da mu biyu takara, ni da Nasiru. Shi ko a jikinsa. Ni kuwa abin ya shiga raina fiye da yadda nake nunawa. Na daɗe da gama karatu babu aikin yi, kullum ina zaune a shagon cajin waya na yayana, ina so ko sau ɗaya a kira ni da wani abu ban da "ƙanin mai shago". Kuma ko makaho ya san Nasiru zai kayar da ni.

A nan na tafka kuskuren farko: na kai kukana wurin Kawu Bawa a Dingyadi. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a Jamhuriya ta Biyu shi ne mai riƙe lasifika a bayan motar kamfe. Da sojoji suka karɓe mulki, aka shiga layin sabulu da madara, sai ya koma gonar albasarsa da hula ɗaya da labarai buhu-buhu. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce, "Abokin takarar taka, ubanai na da rai?"

Na ce yana nan a Kajiji.

"To zaɓe ya ƙare. Mu zamaninmu ba mu bin yaro, ubanai muka bi."

Na yi masa bayani cewa kujerar babu albashi, babu ofis, babu ko tabarma. Ya kaɗa hannu. "Duk haka aka hwaɗi kahin a hau. Tashi ka sawo goro."

Na san kamun ƙafa ne za mu je, na kuma san ƙa'idar da na rubuta. Amma na gaya wa kaina ai gaisuwa ce kawai, gaida dattijo kuma ba laifi ba ne. Haka na goya Kawu a babur, da ƙunshin goro da kwalbar turare, muka bi hanyar Kajiji muna tsalle a ramuka.

Baba Umaru, mahaifin Nasiru, ya tarbe mu da fara'a. Mutumin nan na ci tuwon gidansa ba adadi lokacin muna hutun makaranta. Na durƙusa, Kawu ya buɗe baki. Ya ce ni ne babba (wata huɗu na ba Nasiru), bai kyautu ƙane ya ja da wa ba. Ya ce wata babbar kujera ce ta harkar kwamfuta, kuma in Allah ya sa Ciyaman (ni ke nan) ya hau, ba za a manta da Kajiji ba: ga taki, ga rijiyar burtsatse a bakin masallaci. Ina jin sa da kunnena. Da na ɗago kai na ce "Kawu, ba haka ba ne," da magana ta mutu a nan. Sai na ci gaba da ƙirga zaren tabarma.

Ranar zaɓe muka taru a aji ɗaya, muka takure a bencin yara. Waɗanda ba su samu zuwa ba suna kan waya, an ajiye ta a teburin malami an buɗe murya. Malama Hajara ta Lambara ita aka ɗora wa gudanar da zaɓen. Kafin ta raba ƙuri'u Nasiru ya miƙe, bai dube ni ba, ya ce ya janye. Aji ya kaure da tambaya. Ya ce, "Umarni ne daga gida," ya zauna. Hajara ta dube shi, ta dube ni, ta ce tunda babu abokin takara, na zama shugaba.

Na miƙe na fara jawabin da na yi kwanaki ina haddacewa a gaban madubin shago. (Kan gaskiya da riƙon amana ne, in kuna son sani.) Ina tsakiyar cewa shugabanci nauyi ne ba ado ba, sai muka ji babura sun tsaya a waje, aka yi sallama.

Baba Umaru ne, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da maƙwabtansa biyu, ɗaya riƙe da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa. Dattijon nan ya tuɓe takalmi a bakin ƙofar ajin 'yan firamare, ya rusuna. Ni ya rusuna wa.

"Ranka shi daɗe, Ciyaman. Allah shi taya riƙo. Ni dai na cika nawa, yaro ya janye kamar yadda kunka roƙa. Ga maƙwabta na taho da su, su ji batun burtsatsen ga da kunnensu, don sun ce ƙarya nika yi. In da hali kuma, takin shi iso kahin shuka."

Sai wata murya ta fito daga wayar da ke kan tebur, tar da ita: "Wane burtsatse kuma?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Wani ya fara dariya daga baya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye abarsa.

Nasiru ne ya tashi. Ya je ya kama hannun mahaifinsa ya miƙar da shi, ya sunkuya ya juyo masa takalmansa. A hankali ya ce, "Baba, mu tahi gida. Babu ohis, babu taki. Aikin sa kai na muka yi, ko sisi babu ciki."

Tsohon ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe?" Suka fita. Zabin nan aka manta da su a gindin allo, suna ta kuka, ni ina tsaye da sauran jawabina a baki.

Kun san abin da ya fi ciwo? Babu wanda ya tsige ni. Hajara ta ce ƙa'idojin ba su faɗi yadda ake cire shugaba ba (mai rubutawar bai kawo za a buƙata ba). Abin da ya faru shi ne, bayan 'yan kwanaki Nasiru ya kwafi manhajar, kamar yadda kowa ke da dama, ya ci gaba da aikin da wani suna. Bai kira kowa ba. Jama'a suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa can, har zauren hirarmu ya rage daga ni sai wani yaro da wayarsa ta ɓace tun bara. Na cika wa'adina cif, shugaban kaina.

Na koma Kajiji ni kaɗai, babu goro, na ba Baba Umaru haƙuri. Ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai," har ya sa aka kawo min fura. Amma na samu labarin an daɗe ana tsokanarsa a bakin masallaci, ana tambayarsa ko ruwan burtsatse ya fara zuwa. Wannan shi ne abin da har gobe in na tuna nake jin zuciyata ta yi nauyi: mutumin da bai san komai a kan manhaja ba, shi ya ɗauki kunyar da ni na saya.

Kawu Bawa kuwa da na ba shi labari, sai ya ce, "Amma dai ka ci, ko?"

Na ci, Kawu. Na kuma koyi cewa a aikin da kowa zai iya naɗe tabarmarsa ya tafi da aikin gaba ɗaya, kujerar ba komai ba ce sai yardar waɗanda ke zaune. Kuma in za ka nemi shawarar zaɓe, ka fara tambayar yadda zamanin mai ba ka shawarar ya ƙare.

Manhajar tana nan tana aiki, da ita ma nake rubuta wannan. Ni da Nasiru muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure ko suna, muna gaisawa lafiya lau. Da can "kai, mai surutu" yake ce min. Yanzu sai ya miƙo hannu cikin ladabi ya ce, "Ciyaman, ina gajiya?" Babu izgili a muryarsa ko kaɗan. Da ma zagina yake yi.