Gidan Rediyo Ya Tarbi Babban Baƙo

In ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar murya, dole a fara da shugaban masu ba jirage hanya a hasumiyar filin jirgin sama. Shi ya raɗa wa kansa Sarkin Samaniya. Abokan aiki kuwa, saboda tsabar ƙauna, Gidan Rediyo suke ce masa in ya ba da baya.

Aikin nasu a faɗe ba wuya: a ba kowane jirgi tazararsa, kada biyu su haɗu wuri ɗaya. Layin magana guda ne, muddin ka danne maɓallin makirufo babu matuƙin da za a ji. Shi ya sa sauran ma'aikata ke faɗin lamba da umarni su saki. Gidan Rediyo na ganin wannan rowa ce. Sai ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma, ya gyara wuyan riga a gilashin taga, ya jera biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu.

"Matuƙi baƙo ne," in ji shi. "Wa ya taɓa tarbar baƙo da lamba?"

Ran nan aka ce jirgin shugaban hukumar filayen jiragen sama na tafe, ga kujerar darakta babu kowa a kai, ana neman wanda za a naɗa. Abin nema ya samu. Ya tsaya a kan mataimakiyarsa.

"Ƙanwata, matsa. Wannan saukar ta manya ce."

Ya ce wa wani jirgin kaya ya hau titin tashin jirage ya jira, ya manta da shi kamar laima bayan ruwa ya ɗauke. Ya ba jirgin shugaba izinin sauka a titin nan, ya lumshe ido, ya danne maɓalli.

"Ranka ya daɗe, a madadina, da ma'aikatan da na raina da hannuna, da wannan sarari da na daɗe ina riƙe wa amana..."

Matuƙin jirgin kaya na ta neman magana, layi a toshe. Mataimakiya ta ja masa hannun riga, ya kaɗe ta kamar ƙuda, domin ya iso wurin tarihin karatunsa. Allah ya taimaka, matuƙin shugaba ya fito daga gajimare ya ga jirgi kwance a gabansa. Ya ɗaga hanci ya koma sama, ya wuce kan na kayan har matuƙin na kayan ya ƙirga masa tayoyi. Shayi ya wanke wa shugaba gaban riga.

Ranar bincike, a gaban shugaba, aka kunna maganar da na'ura ta naɗa. Kowa ya sunkuyar da kai, ban da Gidan Rediyo da ke kaɗa ƙafa yana bin jawabin da leɓe. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Da aka gama ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ko za a ɗan tura mini a waya? Maiɗakina ba ta ji ba."

Shugaba ya kalle shi sama da ƙasa. Sannan ya ce irin wannan murya asara ce a bar ta ga matuƙa kaɗai. Aka mai da shi zauren fasinjoji, yana sanar da jinkirin jirage.

A gida ya ce ƙarin girma ne: a da mutum biyu ke sauraronsa, yanzu ɗaruruwa. Kullum yana can da zumarsa, ya danne maɓalli tun safe. Lasifikar zauren ta mutu tun bara, kuma har yau babu fasinjan da ya kai ƙara.